Gilashin da Ya Ƙi Yin Kore

"Babu haske. Ciwonta mai bazuwa ne, a gaya mata."

Mataimakiyar ɗakin gwaji tana wanke gilasai ta ji Oganta ya faɗa wa likita haka. Shekara uku tana ɗiga ruwan gwajin nan, ta san halinsa. In ƙwayar gadon da ke manne ƙwayoyin jiki da juna tana nan, kore take haskawa; in babu ita, ciwon mai bazuwa ne. Yau har lafiyayyen naman da ake kwatantawa da shi baƙi ƙirin ya fito. Ruwan kuwa rana ke kashe shi.

A waje mai ciwon tana shayar da jaririnta.

Tun safe mataimakiyar take haɗiye maganar. Ta goge hannu, ta tare wa Oga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, kwalbar ruwan gwajin nan, ba a taga ka manta ta jiya ba?"