Ƙaton Da Ke Gidan Illo

Illo ya ɗaga zakaran 'yan kokawar garin Sassumbrum sama, ya zagaya da shi sau biyu don 'yan kallo su more, sannan ya shimfiɗe shi a ƙasa. Ganga ta ɗauka. Har kumandan mai mulkin yankin sai da ya cire hularsa.

Sirrin yana cikin ɗan gwangwani. Modu, tsohon sojan Faransa, shi ke kawo masa fararen ƙwayoyin da Nasara ke haɗiya su yi ƙwanji. Kaka biyu ke nan bayan Illo bai taɓa ƙasa ba. Ƙuraje sun feso masa, idonsa ya yi rawaya, abu kaɗan ya hau mutum da faɗa, amma ko a jikinsa. Ranar da bai sha ba ce kawai duniya ke yi masa duhu, shi ya sa ya kasa ƙwayoyin biyu, rabi a aljihu, rabi a ɗaka.

Ya nufo garinsu Guci yana taka rawa shi kaɗai a hanya, sai maƙwabciyarsa Tabawa ta tare shi.

"Illo, ni ba na gulma. Amma in ba ka nan, ana jin muryar wani ƙato a gidanka. Har waƙa yake yi."

Sai da Illo ya shiga gida sannan ya lura. Ya tafi yawon kokawa ya bar wa matarsa Gumsu girbi, ga shi an cire gyaɗa tas, dammunan gero duk sun hau rumbu. Wa ya ɗora? Wata uku ke nan Gumsu ba ta yi masa magana, sai dai ta gyaɗa kai cikin lulluɓi. Ya girgiza gwangwanin ɗaka, ya ji wayam. Wato ƙaton bai tsaya kan matarsa ba, har maganinsa yake sha!

Zuciyarsa ta yi zafi, don yana son Gumsu, kuma in zancen Tabawa gaskiya ne aure ya mutu. Duk da haka dariya ta kama shi. Yau za a yi kayen da ba a taɓa yi ba, ko babu makaɗi.

Da safe ya ce ya tafi Magaria, ya zagaya ya laɓe bayan danga. Can sai ga muryar, kakkaura, tana waƙa, taɓarya na amsawa. Marar kunya, har daka yake taya ta!

Illo ya banke danga ya faɗa ciki. Ya leƙa ɗaka, ya leƙa bayan rumbu. Gumsu ce kaɗai a bakin turmi, ba lulluɓi.

"Ina yake?"

Gumsu ta sa hannu ta rufe haɓarta, inda gemu ya fara tsirowa, ta ce masa da muryar ƙaton nan da ya zo kayarwa, "Don girbi na fara shan maganinka, maigida, kuma na kasa bari. Don Allah, akwai saura a aljihunka?"