Taga a Bangon Yamma

Ɗelu ce ta riƙe bakin tef ɗin awo, Encik Razlan ɗan kwangila yana ja yana sa alama da alli a jikin katako. Zafin saman silin ya isa ya dafa ƙwai. Gumi na bin bayanta cikin hijabi, ba ta ko motsa ba.

Gidan haya ne a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje. Ɗanta Hisham ya girma, ya fara jin kunyar kwana ɗaki ɗaya da ƙanwarsa Khaulah, wanda ya ba su hayar kuma ya yarda a gyara sararin da ke ƙarƙashin rufi. Datti, mijin Ɗelu, ya zana komai a kwamfutar da yake koyarwa da ita: ɗakin Hisham a dama, na Khaulah a hagu, matakala a tsakiya, tagogi duka ta gabas. Kusurwar yamma, inda rufin ya sunkuyo har babba ba ya iya miƙewa, ya bar ta a matsayin sito.

Ɗelu ba ta iya karanta zane ba. Ta dai je ta tsaya a kusurwar, kanta a duƙe, ta ce nan take so, kuma a fasa mata taga.

"Tak boleh lah, Madam," in ji Encik Razlan, wato ba zai yiwu ba. Ya juya ga Datti ya zuba Turanci, Datti ya mayar mata da Hausa: ranar la'asar nan take duka, ruwan sama ma ta nan yake bugowa, taga a wannan bango wahala ce kawai.

"Kin ji dai, Maman Hisham. Ki bari in sa miki kujera a ɗakin Khaulah."

"Me ake gani daga can, Malam?"

"Gari mana. Har dogayen benayen nan."

"Na ga gari."

Rabon da ta nemi wani abu har Datti ya manta. Tana girki, wani lokaci da gishiri, wani lokaci babu. In ya yo musu tapau, wato abincin saye, daga shagon mamak ta ci, in bai yo ba ba ta tambaya. Bara da jami'arsu ta gida ta neme shi ya koma, abu ɗaya Ɗelu ta ce: ya tafi, zai same ta nan. Ya sabunta kwantiraginsa, ba su sake tayar da zancen ba.

Watan jiya ta hau tsani don ta ajiye akwatin kayan da ba a sawa yanzu. A bangon yamma akwai wani bulo mai huji da aka bari don iska. Ta sa ido. Ba ta sauko ba sai da shinkafa ta kama a ƙasa.

Yanzu ta nuna hujin da yatsa.

"Daga nan ana ganin Rumaisa."

Encik Razlan yana kallon bakin Datti yana jira. Daga ƙarshe Datti ya fassara, a gajarce: ta ce daga nan tana ganin autarmu.

Ɗan kwangilar ya durƙusa ya leƙa. Bayan jerin shaguna da layin dogon LRT akwai makarantar firamare, an fito tara, yara cikin fari da shuɗi suna ta guje-guje a fili. Ya ɗago yana dariya.

"Aiyo, sekolah! Makaranta! Ai sai ki faɗa tun ɗazu!" Ya ce matarsa ma haka take, har katanga take leƙawa ta ga ko ɗansu ya ci abinci. Uwa ai uwa ce, a ko'ina. Zai sa gilashi mai duhu, ya ƙara rumfa saboda ruwa. "Boleh, Madam, boleh. Aji nawa take?"

Datti ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce bari ya kawo musu ruwan sanyi. Aka ji saukarsa a tsani a hankali.

Ranar da aka kai Rumaisa, shi ya ɗauke ta. Ɗelu ta tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Shi da Hisham ke leƙa ta ranar Juma'a. Maƙwabciyarsu Kak Yati ta sha cewa, "Zo mu je tare, ai kusa ne, mu nan mata muna shiga." Ɗelu takan ce wata rana. Ba haka aka tashe ta ba, ƙafarta kuma ta ƙi koyo.

Encik Razlan ya zana tagar da alli, babba, tana kallon tsakiyar filin makarantar. Ɗelu ta sa tafin hannu ta goge. Ta karɓi allin, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta zana ƙarama, daidai fuskarta, can gefen hagu.

"Madam, daga nan ai filin ya ɓace miki."

Ba ta jira mai fassara ba. Ta matsa masa, ta nuna hujin, ta karkata hannu hagu.

Ya sake leƙawa. Idonsa ya wuce filin, ya wuce katangar makarantar. Bayanta akwai bishiyoyi masu fararen furanni, ƙarƙashinsu duwatsun kaburbura bibbiyu a jere, an naɗe kawunansu da farin ƙyalle. Ya cire hular kwanonsa.

"Ga ta can a ƙarshen layi," in ji Ɗelu da Hausa. "Wadda dutsen kanta da na ƙafarta suka fi na kowa kusa da juna."