Zanen da Marigayiya Ta Bari

Ranar da kafinta ya huda bangon falo zuwa kicin, Mai Tuta yana tsaye a kansa riƙe da wata takarda, yana ce masa ya ƙara inci biyu ta hagu.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaga wa jiragen ƙasa tuta, sunan ya biyo shi har gida bayan ya yi ritaya. Da ya bar aiki sai ya sayi ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki, kai ɗaya da taragu huɗu, da kwali biyu na layin dogo. Matarsa ta ce ba dai a falonta ba. Nan keken ɗinkinta yake, nan masu kawo ɗinki suke zama, ba za ta yarda tsoho da furfurarsa ya riƙa rarrafe a ƙafafun mutane yana busa usur ba. Shekara shida suna wannan rigima. Ko da ciwonta ya yi nisa, yana jinyarta dare da rana, sai da bakinsa ya suɓuce ya sake tayar da maganar. Ta juya masa baya. Ba su ƙara komawa kanta ba har ta rasu, kuma abin da ke cinsa ke nan: bai sani ba ko da fushinsa ta tafi.

Wata biyu bayan rasuwar, yana neman almakashi a aljihun keken, ya ci karo da takardar. Zane ne da fensir, da hannunta, kuma kwanan watan da ke gefe kwana biyu ne bayan wancan faɗan. Layi ne ya zagaya ya dawo inda ya faro, ga wuraren da ya yi kwana, ga lambobi a jikin kowane miƙaƙƙen layi, wasu ta soke ta rubuta ƙasa da su. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ashe tana hana shi da baki, a ɓoye tana zana masa hanya.

Ya ninka kowace lamba sau biyar don layin ya cika falon, sai ya wuce falon ma. Reshe ɗaya ya miƙe dama har cikin kicin ya juyo, ɗayan ya miƙe hagu har ƙarƙashin gado. Firji ya koma baranda, aka cire ƙofar ɗaki, kujeru suka hau kan juna a lungu.

Kafinta ya ce shi bai taɓa shiga jirgi ba, amma me jirgi zai je yi kicin ya dawo? Mai Tuta ya ce marigayiya ta san yana son shayi. Da kafinta ya nuna ɗige-ɗige biyar da suka jeru a tsakiya, layi bai taɓa ko ɗaya ba, Mai Tuta ya ce ƙauyuka ne da jirgi ba ya tsayawa, kowace hanya tana da irinsu. Ɗan murabba'in da ke gefen hagu kuwa rumfar ajiye kan jirgi ce. Duk aka gina su da katako, aka yi musu fenti.

Matsala ɗaya ce: wata ƙaramar kwana a can saman zanen, wadda ta faɗo gaban talabijin. Duk sanda jirgi ya iso nan sai ya kife. Kafinta ya ce a buɗa ta kaɗan, aikin minti goma ne. Mai Tuta ya ƙi. Sha shida marigayiya ta fara rubutawa a wurin, ta soke ta mayar sha huɗu da rabi, kuma wanda ya rage lamba ya san dalilinsa. Ya riga ya ƙulla a ransa cewa ranar da jirgin ya zagaya yadda ta zana, ranar ce zai san ta yafe masa. Ya rage gudu, ya cire tarago biyu, ya ɗaura ƙusoshi a gefe ɗaya don nauyi. Sau ashirin da uku jirgin yana kifewa. Ya daina cin abincin kirki, yana gwaji hannu ɗaya riƙe da wando.

Wata safiya ƙanwar marigayiyar, wadda ita ma tela ce, ta zo ɗaukar keken. Tun daga ƙofa take tambaya ko sai ta yanki tikiti kafin ta shiga gidan yayarta. Mai Tuta ya ɗaga mata jar tuta, jirgi na tafe. Ta rasa inda za ta sa ƙafa, ta haye kan kujera tana cewa tsufa bai yi masa rana ba.

Jirgin ya fito daga ƙarƙashin gado, ya nufi kwanar, ya kife a karo na ashirin da huɗu.

Bai ji dariyarta ba. Da ya ɗago, tana tsaye a kan kujerar tana kallon falon daga wannan bango zuwa wancan. Ta ce ya miƙo takardar. Ta duba, ta sauko a hankali, ta zaro tef daga jakarta ta zagaya masa a wuya.

"Sha huɗu da rabi cif," ta ce. "Mijin yaya, riga ka shimfiɗa a falo. Taka ce ta zana, ta ga ka rame wajen jinyarta, shi ne ta rage wuyan."