Gwiwar Tsohon Tela

Tsohon tela ya ɗaga matashin kujera, ya tura ƙwayar bitamin E ƙarƙashi, sannan ya kurɓi ruwa da ƙarfi don matarsa ta jiyo daga kicin. Shi fa ba zai haɗiyi abu mai kama da idon kifi ba.

Shekara arba'in yana taka keken ɗinki, gwiwar dama ta gama aiki. Likita ya ce ƙashi ke gugar ƙashi: ya sha bitamin, ya riƙa tattaki kullum, in ba sauƙi nan da wata biyu, sai tiyata. Tela na mugun tsoron wuƙa, amma tattaki? Mutumin da ko ƙofar gida sai an yi masa magiya!

Sai ga sabon salo. Fuskar matarsa, mai jika tara, ta fara sheƙi. Kullum da yamma ta fesa turare, ta rataya jaka.

"Sai ina kuma?"

"Nan kusa ne, Malam. Kai dai huta da ƙafarka."

Ina hutu! Kishi ya turnuƙe shi. Ya zari sanda ya bi ta, yana laɓewa bayan motoci. Ranar farko da ƙyar ya kai bakin layi. Allah ya taimake shi, duk lokacin da numfashinsa ya ƙare, sai takalminta ya buƙaci gyara. Sati biyu ya kai shagon mai aski, ya harari bawan Allahn nan har ya kusa yanke wa wani kunne. Wata guda, sai ga su a gada. Takan tsaya ta kalli ruwa ta juyo, shi kuma ya faɗa bayan bishiya, tumbi a waje. Kwarton dai bai taɓa bayyana ba.

"Ɗan banzan wayo gare shi," in ji tela.

Ranar komawa asibiti, likita ya lanƙwasa gwiwar, ya ɗora shi kan sikeli.

"Ka rage kilo shida, Baba. Mun ɗage tiyata."

Tela ya gyara zama. "Bitamin ɗin nan ne, likita. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Matarsa ta rataya jaka, ta ce, "Likita, yanzu har gada yake biyo ni, in ƙara masa nisa kamar yadda muka shirya? Kuma a rubuto mana wata kwalbar, na ƙarƙashin matashin duk na shafe su a fuska."