Takalmin Hagu na Baba

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar Baba ya dawo daga kasuwar Goronyo bisa jaki da sabon takalmin fata. Shekara biyu ke nan da anka yanke mashi ƙafar hagu, bayan kububuwa ta sare shi a gonar albasa.

Ya zauna ƙofar ɗaki, ya jingine sandarsa, ya sa na dama. Na hagun kuwa ya daɗe yana jujjuya shi. Wallahi har yau ina jin ƙanshin fatar nan.

Inna ta ce, "Malam, mi za ka yi da shi? Ba maƙwabcinmu Ɗanjumma mana, tunda shi ta dama ya rasa."

Baba ya yi dariya. "In na ba shi, ranar da tawa ta zo in taka ƙasa da mi?"

Mun ji ana yin ƙafar roba a birni, amma ta masu hali ce. Duk mun sani, shi ma ya sani.

Ya miƙo mani takalmin. "Ɗiyata, aje mani shi inda ɓera ba ya kai. Ƙafarsa na nan tahe."

Shekaranjiya ina tankaɗe na ji a rediyo wasu bayin Allah sun haɗa gudummawa, ana sa wa talakawa ƙafa kyauta. Baba kuwa ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa.

Na buɗe adaka na ɗauko takalmin. Fatar ta bushe, amma ƙasansa fes, ko ƙura bai taɓa takawa ba.

Na ce, "Baba, ta zo."