Lafiya Lau, 'Yar Nan

"Wata bakwai ke nan da aka binne ta," in ji maƙwabciyar mahaifiyata.

Na yi dariya. "Haba Iya, jiya-jiyan nan muka yi waya da ita."

Sai ta buɗe mini ɗakin mahaifiyata. An naɗe katifar, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin buta, carbinta na rataye a ƙusa. Mai hoton da na taho da shi daga ma'aikatarmu, don ya ɗauke mu tare a manna a allon gangamin kula da iyali, ya sauke kyamararsa.

"Kwana uku muna zarya asibiti, ba likita, ba magani," ta ce. "Da ta ga tafiya ce, sai ta ba ni wayarta. Ta ce in riƙa ɗauka, duk wanda ya gane ba muryarta ba ce a cikinku, in gaya masa. Ku biyar ne fa. 'Inna, lafiya?' 'Lafiya lau.' Sai ku kashe."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Ƙanwata ce.

Tsohuwar ta ɗauka, idonta a kaina. "Lafiya lau, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Wallahi wannan ce muryar da na sani. Na runtse ido ina laluben muryar wadda ta haife ni, ban same ta ba.