Sarkin Yaƙin da Ya Baro Jakunansa

Tunda an ɗora maka jagorancin mutane, bari in ba ka wani misali ka riƙe.

An yi wani sarkin yaƙi, jarumi ne na gaske, ba ya gudu kuma ba ya cin amanar na ƙasa da shi. Ana cikin bazara labari ya iso masa cewa abokan gaba sun yi wa wani gari na kan iyaka ƙawanya, kuma a garin nan ƙanwarsa take aure da 'ya'yanta. Ya tara runduna ya kama hanya, 'yan baka da masu mashi a gaba, ayarin jakuna da takarkarai a baya, ɗauke da salkunan ruwa da gumba da kibau. Mai kula da ayarin abokinsa ne, tare suka tashi, tare suka ga yaƙe-yaƙe. Tafiyar jaki kuwa ka san ta. Kullum sai runduna ta tsaya jiran kaya, shi kuma zuciyarsa tana can gaba tana ƙuna. Ana haka sai ga wani manzo da rauni a cinya, ya ce an fara cinna wa ƙofar garin wuta. Nan take sarkin yaƙi ya yanke shawarar barin ayari ya ratsa ta wani fako, domin ya san akwai rijiya a tsakiyarsa, ya sha ruwanta tun yana saurayi. Abokin nasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko jakunan ruwa kaɗai ka tafi da su." Sarkin yaƙi ya ce jaki ɗaya ma nauyi ne, kowa ya cika gorarsa, 'yan ayari kuma su biyo ta doguwar hanya.

Suka shiga fako da sauri irin wanda bai taɓa gani a rundunarsa ba, har ransa ya yi sanyi. Kafin rana ta karkata goruna sun bushe, amma bai damu ba, rijiya na gaba. Da suka isa, ya leƙa ciki. Abokan gaba sun riga su, sun cika ta da duwatsu da ƙaya da yashi. Ruwan yana nan a ƙasa, har ƙamshin danshinsa yana bugun hanci, sai dai a kwashe abin da ke kansa. Aiki ne da ƙarti ƙoshassu za su gama a zama ɗaya. Amma waɗanda ya sa su sauka, dutsen da jiya za su ɗaga da hannu guda, yau sun taru a kansa suna haki. Wani ya ja igiya, jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Sarkin yaƙi ya tuɓe sulke ya sauka da kansa, ya yi ta miƙo duwatsu har hannuwansa suka ƙi bin umarninsa, aka jawo shi sama harshensa ya kumbura. Da ya ɗaga kai ya hangi abu biyu: hayaƙi yana tashi daga wajen garin, da 'yan leƙen asirin abokan gaba a kan wani tudu, suna zaune suna kallo. Ba su harba ko kibiya ɗaya ba. Ya gane cewa sun bar wa rana aikin, in ta gama su sauko su tsince makamai. Gaba babu ƙarfin faɗa, baya babu ƙarfin tafiya. Ya sa aka yi da'ira, aka kafa garkuwoyi don inuwa, ya hana kowa magana don kada sauran yawun baki ya ƙare. Yana jin mutanen da suka bi shi da yarda suna numfashi kamar tumaki a rana, wasu kuma numfashin yana tsayawa.

Washegari da hantsi aka ji kukan jaki. Ashe abokin nasa bai bi doguwar hanya ba. Ya sauke hatsi da sauran kaya a wani ƙauye, ya ɗora ruwa da gumba kaɗai, ya biyo sawunsu ba tare da masu tsaro ba, da sanin cewa in 'yan kan tudu suka sauko shi ke nan. Aka sha da kaɗan-kaɗan, aka jiƙa gumba. Mutanen da jiya dutse ya gagara suka share rijiyar kafin azahar, 'yan leƙen asiri suka miƙe suka ɓace. Sai dai lokacin da runduna ta isa garin, ƙofa ta riga ta faɗi, unguwar maƙera ta ƙone ƙurmus. Ƙanwarsa da 'ya'yanta suna cikin waɗanda suka tsira a kan dutsen bayan gari, mijinta ba ya ciki. An kori abokan gaba, amma da ya lissafa a ransa, ya ga da ya tafi da tafiyar jaki da ya riga haka isowa, kuma da bai binne mazajen da ba su ko ga fuskar maƙiyi ba. Har ya bar sarauta bai ƙara barin kan runduna ya yi nisan da ba zai ji kukan jakunansa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.